BABI NA UKU: BAƘIN FIM DA FINAFINAN MIYAGUN LAIFUKA NA HAUSA

3.0 Gabatarwa

A wannan babi za a dubi wani rukunin finafinai da masana suka laƙaba wa suna fim nuwar, sannan a auna shi da finafinan miyagun laifuka na Hausa, irin waɗanda matasa suke kallo a wayoyinsu da gidajen kallo a Balan da sauran garuruwan Gaya da Ajingi. Abin da ake son nunawa shi ne, duhun hoto ba shi ne ma'aunin da ya dace da wannan kwatance ba. Ma'aunin da ya fi dacewa shi ne yadda kowane ɓangare yake kai mai laifi ga makomarsa, da kuma ma'anar da yake bai wa ƙaddara.

3.1 Asalin Sunan da Saɓanin Masana

Kalmar nuwar Faransanci ce, ma'anarta baƙi. Waɗanda suka shirya waɗannan finafinai a Amurka ba su san su da wannan suna ba. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, sa'ad da Jamus ta mamaye Faransa, an daina nuna finafinan Amurka a can. Da aka ƙare yaƙi sai suka kwararo birnin Faris a shekarar 1946, cikinsu har da The Maltese Falcon (1941) da Laura (1944) da Double Indemnity (1944). Wani manazarci mai suna Nino Frank ya lura cewa sun sha bamban da finafinan 'yan sanda da aka saba gani, sai ya kira su da wannan suna, wanda ya yi kama da na jerin littattafan Série noire da kamfanin Gallimard ya fara bugawa a 1945. A wannan nazari an zaɓi a kira su baƙin fim, domin a Hausa ma baƙi ya wuce launi, kamar yadda ake cewa baƙin ciki da baƙar aniya da baƙar zuciya.

Masana sun yi ta tofa albarkacin bakinsu kan ko mene ne shi. Borde da Chaumeton (1955), waɗanda suka rubuta littafi na farko a kansa, sun fi mai da hankali ga halin ruɗu da rashin kwanciyar hankali da yake jefa mai kallo. Schrader (1972) ya ce ba nau'i ba ne kamar fim ɗin kaboyi, yanayi ne da salo, ya kuma shata masa iyaka daga 1941 zuwa Touch of Evil na 1958. Shi kuwa Naremore (1998) yana ganin tunani ne da manazarta suka gina daga baya, suka ɗora wa finafinan. Wannan ra'ayi na ƙarshe shi ya fi gamsar da mai wannan bincike, kuma shi ne ya ba da damar a gwada ma'aunin a kan fim ɗin Hausa, muddin ba a tilasta masa rigar da ba tasa ba.

3.2 Double Indemnity a Matsayin Misali

Billy Wilder ne ya ba da umarnin wannan fim, ya kuma rubuta shi tare da Raymond Chandler daga labarin James M. Cain. Tauraron, Walter Neff, dillalin inshora ne. Ya haɗu da Phyllis Dietrichson, matar wani da yake son sabunta wa inshorar mota, suka ƙulla kashe mijin, suka shirya abin kamar faɗowa ya yi daga jirgin ƙasa, domin kamfani ya biya diyya ninki biyu.

Abin lura a nan shi ne zubi da tsarin labarin. An buɗe fim da Neff cikin dare, da harbi a kafaɗarsa, yana zaune a ofis yana faɗa wa na'urar ɗaukar magana abin da ya aikata. Wato tun daga farko mai kallo ya san wanda ya yi kisan, ya kuma san bai ci riba ba. Ke nan babu sauran ɗokin gano mai laifi. Abin da ya rage shi ne kallon mutum yana takawa da ƙafarsa zuwa ramin da aka riga aka nuna. Hatta hasken da John Seitz ya tsara yana yi wa wannan jigo hidima: inuwar labulen taga takan faɗa a jikin Neff layi-layi kamar ƙarafan kurkuku, tun bai yi komai ba.

Har ila yau, dokar tace finafinai ta Amurka, wadda ofishin Joseph Breen ya fara tsananta aiwatarwa a 1934, ta hana a nuna mai laifi ya sha. Saboda haka Neff da Phyllis duk sun gamu da ajalinsu ko abin da ya yi kusa da shi. Amma hukuncin bai gyara komai ba. Neff bai tuba ga kowa ba, ikirarinsa ga Barton Keyes, abokin aikinsa mai binciken diyya, ya yi shi. Duniyar da ya bari tana nan yadda take, ta kuɗi da sha'awa da cin amana.

3.3 Ɓangaren Hausa

Kano ta daɗe da sanin silima, domin an buɗe Rex a 1937, aka buɗe Palace a cikin birni a 1952. Finafinan Indiya su suka fi mamaye waɗannan gidaje daga baya, kuma Bombay ta riga ta ari wannan salo a finafinai irin su Baazi (1951) na Guru Dutt da C.I.D. (1956) na Raj Khosla. Ta fuskar karatu kuwa, littattafan James Hadley Chase, waɗanda Série noire ta fassara da yawa daga cikinsu, sun sami karɓuwa ƙwarai a wajen 'yan boko a Nijeriya. A rubutaccen adabin Hausa, Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare (1982) shi ya fi kusa da wannan yanayi, kuma sunansa kaɗai ya sanar da makomar Mailoma kafin a buɗe shafin farko.

Da aka fara fim ɗin bidiyo da Turmin Danya a 1990, soyayya ce ta rinjayi kasuwa. Galibin aikin da rana ake ɗaukarsa, kuma inda aka ga duhu sau da yawa ƙarancin fitila ne ya jawo shi. Wanda ya tafi neman baƙin fim ta hanyar ƙirga inuwa zai yi kuskure ke nan. (Ko da yake a Amurkar ma ƙarancin kuɗi ya taimaka, domin duhu yakan rufe tsiraicin ɗakin da ba a ƙawata ba.)

Kamancin yana wasu wurare. Na farko shi ne birni. Ga matashin Balan da yake bi ta Wudil ya shiga Kano cin rani, birnin da ake nuna masa a fim, na 'yan daba da dillalan ƙwaya da 'yan siyasar da ke ɗaukar nauyinsu, ba baƙon wuri ba ne. Sai kuma mace mai jawo halaka, wadda Kaplan (1978) da abokan aikinta suka nazarta. A Wasila (2000), wanda Yakubu Lere ya shirya, Ali Nuhu da Wasila Isma'il suka fito, an nuna matar aure da ta ci amanar mijinta. Sai dai ita nadama aka kai ta, kuma jigon gargaɗi ne ga matan aure, alhali Phyllis ba darasi aka kawo ta ta koyar ba.

A nan ne hanyoyin suka rabu. Ƙaddara a baƙin fim tarko ce da ba ta da mai ita, ba ta kuma da hikima. A tunanin Bahaushe Musulmi kuwa ƙaddara hukuncin Allah ce, kuma ƙofar tuba ba ta rufuwa sai rai ya zo gargara. Don haka warwarar jigo a fim ɗin Hausa galibi takan ƙare da hukuma ta kama, ko uwa ta yafe, ko malami ya yi nasiha, a mai da al'umma kan turbarta. Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001 bayan ƙaddamar da shari'a, ta ƙara ƙarfafa wannan tsari.

Amma finafinai masu dogon zango na YouTube sun kawo wani sauyi da ya kamata a lura da shi. A cikin A Duniya na Tijjani Asase, alal misali, Abale, wanda Adam Abdullahi Adam ya fito a matsayinsa, yakan shafe mako bayan mako yana cin karensa babu babbaka, domin tsarin shirin bai yarda labari ya ƙare ba. Hukuncin yana nan, amma an tura shi gaba, kuma kafin ya iso mai kallo ya riga ya haddace tafiyar ɗan daba da karin maganarsa. Matsalar da Breen ya fuskanta ke nan: doka tana iya tilasta ƙarshen labari, tsakiyarsa kuwa sai yadda mai shiri ya so. A watan Satumba na 2021 hukumar ta Kano, ƙarƙashin Isma'il Na'abba Afakallah, ta haramta nuna garkuwa da mutane da shaye-shaye da ƙwacen waya a fim, wato ta bar batun ƙarshe ta koma kan tsakiyar kanta. Sai dai ikon hukumar a jihar Kano ya tsaya, fim ɗin da ke kan intanet kuwa mai turi a kasuwar Gaya zai iya sauke shi ya zuba wa yaro a waya ba tare da ya bi ta ofishinta ba.