Sufacaja a Hannun Kanikawan Jalingo: Ƙarin Iska da Sharuɗɗanta

Duk direban da ke jigila tsakanin Jalingo da Gembu ya san inda mota ke fara gazawa. Tana wuce Bali da Serti lafiya lau, amma daga Mayo Selbe, inda hanya ke nannaɗe dutse zuwa Maisamari, sai injin ya kama gurnani, direba na rage giya, allurar zafi na hawa. Lodi da tsayin hawa suna da nasu laifin, sai dai akwai wani dalilin da ido ba ya gani. Tsaunin Mambila ya kai kimanin mita 1,600 sama da teku, iskar can kuwa ba ta da kaurin ta ƙasa. Injin da ke shaƙar iska da kansa yana asarar kusan kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a kowace mita 300 ta hawa, don haka motar da ta isa Nguroje ta zubar da fiye da kashi 10 cikin 100 na ƙarfin da ta baro Jalingo da shi.

Wannan ƙishin iska shi na'urar sufacaja ke magancewa. Famfo ce da bel ke juyawa daga injin, tana cusa iska cikin silinda da ƙarfi, kamar yadda zugazugin maƙeri ke hura gawayi. Iska ta ƙaru, fetur ɗin da za a iya ƙonawa ya ƙaru, ƙarfi ya biyo baya. 'Yar'uwarta turbo aikinsu ɗaya, sai dai ita hayaƙin salansa ke juya ta.

Asalin sufacaja ma daga wajen narka ƙarfe ne. A 1860 wasu 'yan'uwa biyu a jihar Indiyana ta Amurka, Philander da Francis Roots, suka yi rajistar famfon iska da aka riƙa amfani da shi a matoyar ƙarfe da ramukan haƙar ma'adinai. A 1918 injiniya Sanford Moss ya hau dutsen Pikes Peak, mai tsayin kusan mita 4,300, da injin jirgin sama: ba turbo ya ba da ƙarfin doki 230, da turbo ya ba da 356. A 1921 kamfanin Daimler ya nuna motocin Mercedes masu sufacaja, wato Kompressor, a Balin, sunan da har yau ake gani a bayan C200 da C230 'yan Beljiyam da ke yawo a titunanmu.

Ta wannan ƙofar sufacaja ta shigo garejin Jalingo. Ba kasafai ake samun mai motar tsere da ya yi odar sabuwar na'ura daga waje ba. Abin da bakanike ya fi cin karo da shi shi ne Mercedes mai Kompressor ko Range Rover Supercharged da ta sha wuya kafin ta iso, sai kuma matashin da ya ga bidiyo a YouTube, ya sayo tsohuwar na'ura daga Ladipo ta Legas ko Ƙofar Ruwa ta Kano, yana son a ɗaura masa.

Ɗaurawar ba ita ce wahalar ba. Bakaniken da ya saba sauke injin ya mayar zai iya ƙera mazauni, ya daidaita fuli, ya ja bel. Wahalar tana cikin lissafi. Na'urar da ke ƙara matsin iska da psi 6 zuwa 8 tana iya ƙara ƙarfi da kashi 30 zuwa 50 cikin 100, amma sai an ƙara mata fetur daidai gwargwado: nozul masu faɗi, famfon mai mai ƙarfi, fulogi masu jure zafi, da sabon tsari a kwamfutar motar, wadda kanikawa ke kira birenbokis. In iska ta rinjayi fetur, wuta na tashi a silinda kafin lokacinta, a ji ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani, daga nan sai fashewar fistin ko ƙonewar gasket.

Yanayin garin na ƙara tsananta lamarin. Iskar da aka matse zafi take yi, ga Jalingo a watannin Maris da Afrilu zafinta na kai maki 40, don haka na'urar sanyaya iska ta zama dole. Ƙurar hunturu na cinye fikafikan famfon idan matatar iska ta huje. Sai kuma fetur: yawancin waɗannan na'urori an tsara su ne don mai mai daraja ta sama, alhali direba a nan wani lokaci daga jarkar 'yan bumburutu yake sha. Ba a manta da Fabrairun 2022 ba, lokacin da fetur mai yawan metanol da aka shigo da shi daga Beljiyam ya lalata injina a ƙasar nan.

A nan ne wasu al'adun gareji ke zama haɗari. Cire tamostat da sunan wai na ƙasar sanyi ne, haɗa fanka kai tsaye da batir, fasa matatar hayaƙin da ake wa laƙabi da indomi, yanke wayar sensa don fitilar gargaɗi ta mutu: injin Peugeot 504 na iya haƙuri da irin wannan, amma injin mai sufacaja da waɗannan sensa yake sanin lokacin da zai ja da baya ya ceci kansa. An kashe fitila, ciwon na nan.

Duk da haka, zalunci ne a raina kunnen bakanike. Maigidan da ya shekara ashirin a ƙarƙashin mota yana bambance kukan bel mai zamewa da shewar iskar da ke zurara daga tiyo, yana gane ƙarar boris ɗin da ya bushe tun kafin ya kama. Ya kan fesa ruwan sabulu a mahaɗar tiyo ya ga inda kumfa ke tashi, ya zare fulogi ya karanta launinsa: fari fat alamar ƙarancin fetur, baƙi ƙirin alamar yawansa. Wannan ilimi ne na gaske, kuma yaran gareji suna gadonsa ta hanyar kallo da miƙa sifana.

Abin da kunne ba zai iya ba shi ne awo. Tun 1996 kowace motar da aka sayar a Amurka tana da mahaɗar OBD-II, inda ƙaramar na'ura ke karanto lambar cuta: P0171 na nufin iska ta rinjayi fetur, P0300 na nufin silinda na tsallake wuta. Agogon matsin iska da na auna cakuɗar iska da fetur su ke nuna ko aikin ya yi kyau kafin a hau titi. Kuɗinsu bai kai na fistin da gasket da za a saya bayan injin ya buga ba. Ƙungiyar kanikawa ta NATA da kwalejojin fasaha na jihar Taraba suna da damar haɗa yaran gareji da waɗannan kayan awo tun suna koyo, domin da yawa daga cikin sababbin motocin da ke shigowa, har da Hilux mai dizal da Honda Accord ta 2018, da turbo suke fitowa daga masana'anta.