Tinchy Stryder da Kiɗan Giraim: Mawaƙin da Ya Sauya Fage

Masu nazarin waƙar baka sun daɗe da lura cewa waƙa ba ta rabuwa da fagen da ya haife ta. Idan aka ɗauko makaɗin dambe daga dandali aka tsayar da shi a zauren taro, murya tana nan, kalangu yana nan, amma wani abu ya ragu. A wannan sharhi za mu gwada wannan ra'ayi a kan wani mawaƙi da ke nesa da mu, wato Kwasi Danquah, wanda aka fi sani da Tinchy Stryder.

An haife shi a Akra ta ƙasar Gana a 1986, ya tashi a unguwar Bow da ke gabashin Landan. A wannan yanki ne, a farkon shekarun 2000, samari suka ƙago kiɗan da suke kira "grime", mu kuma za mu rubuta giraim. Kiɗa ne mai gaggawa, bugu 140 a minti guda, wanda ake haɗawa da kwamfuta a ɗakin kwana. Asalin fagensa shi ne gidajen rediyon ɓoye marasa lasisi, irin su Rinse FM da Deja Vu, waɗanda ake kafa wa eriya a kan dogayen benaye. Samari za su cunkushe ɗaki, makirfo ɗaya na yawo hannu-hannu, kowa ya zuba nasa layukan ya miƙa. Wanda ya burge, sai mai juya faifai ya katse kiɗan ya komar da shi farko. Wannan ce tukwicin, kuma a gaban abokin gasa ake karɓar ta.

Jigon irin wannan waƙa bai wuce kirari da zambo da habaici ba, kuma a nan Tinchy ya yi fice cikin ƙungiyarsa ta Ruff Sqwad. Laƙabinsa ma daga ƙanƙantar jikinsa ya samo shi. Abin da abokin gasa zai yi masa zambo da shi, ya riga ya mayar da shi kirari. Har a kundinsa na farko, Star in the Hood (2007), ana jin wannan kaifi.

Sai 2009 ta zo. A cikin wannan shekara waƙoƙinsa biyu, "Number 1" da "Never Leave You", suka hau matsayi na ɗaya a jerin cinikin waƙoƙi na Birtaniya, kundin Catch 22 kuma ya zo na biyu. To, amma idan muka duba zubi da tsarin waɗannan waƙoƙi za mu ga jigo ya koma soyayya, an kuma damƙa amshi ga wasu masu zaƙin murya, N-Dubz a ta farko, Amelle Berrabah a ta biyu. Amshin nan shi mai saurare ke riƙewa. Jagoran waƙa ya zama tamkar baƙo a gidansa, yana cike gurbi tsakanin amshi da amshi. Ba abokin gasa, don haka ba dalilin wasa harshe.

Ba za mu yi saurin ɗora masa laifi ba. A lokacin giraim ba ya ciyar da mai shi, ga kuma takardar 'yan sandan Landan mai lamba 696, wadda aka yi amfani da ita daga 2005 zuwa 2017, tana jawo soke wasanninsu. Hasali ma Wiley da Dizzee Rascal, manyan wannan fage, sun riga shi bin wannan hanya tun 2008. Bambancin shi ne kasuwar da Tinchy ya koma ba ta riƙe shi ba: kundin Third Strike (2010) bai ko shiga cikin arba'in na farko ba. Abin lura, waƙar da ta fi ƙarfi a cikinsa, a ganinmu, ita ce "Game Over", inda mawaƙa bakwai ke karɓa-karɓa ba tare da amshi mai zaƙi ba, kamar dai a ɗakin rediyon da.

Gana kuwa da wuya a ji ɗuriyarta a waƙoƙin da suka yi masa suna. Wannan ma halin kasuwar wancan zamani ne. Fraser T. Smith, wanda ya tsara kiɗan "Number 1", shi ne kuma ya yi aiki da Stormzy, wani ɗan asalin Gana, a kan Gang Signs & Prayer, kundin giraim na farko da ya zo na ɗaya a Birtaniya, a 2017, da zambonsa da komai.