Lambar Girma da Masu Sana'ar Hannu: Tsarin Nijeriya a Ma'aunin Filifin da na Gida

A wannan takarda muna so mu duba yadda ƙasa take girmama gwanayenta na fasaha, musamman masu sana'ar hannu ta gargajiya, watau masaƙa da marina da maƙera da dukawa da magina. Za mu auna tsarin lambobin girma na Nijeriya da ma'auni biyu: tsarin ƙasar Filifin, da kuma namu na gida, watau sarautun sana'a. Misalanmu za su fito daga kudancin Jihar Kano, ƙasashen Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa, inda aikin duba ɗalibai masu gwajin koyarwa yakan kai mu. Da'awarmu ita ce lambar girma ta Nijeriya yabo ce kurum. Ba ta ɗora wa gwani nauyin koyar da kowa, ba ta kuma ɗauki nauyin sana'arsa ba, saboda haka sana'a tana iya mutuwa alhali lamba tana rataye a wuyan mai ita.

Dokar lambobin girma ta Nijeriya ta 1964 ta kafa jeri biyu, na Tarayya da na Neja, kowanne da matakai huɗu. A 1979 aka ƙara lambar cancanta ta ƙasa domin masana da masu fasaha. Bisa al'ada manyan matakan na masu riƙe da muƙami ne, shi kuwa mai fasahar gargajiya, in rabonsa ya rantse, yawanci daga matakin ƙasa yake farawa. Alhaji Mamman Shata ya sami MON, Jami'ar Ahmadu Bello kuma ta ba shi digirin girmamawa a 1988. Ɗan Maraya Jos ya sami MON, daga baya OON. Babu mai musun cancantarsu. Amma ya kamata mu lura da cewa dukansu biyu masu fasahar baka ne. Rediyo ya kai muryarsu ko'ina, kuma mawaƙi yakan ambaci sunan kansa da na ubangidansa a cikin waƙa, ga shi iyayen gidan nan su ne ke kusa da masu rubuta sunaye. Masaƙi kuwa ba ya sa hannu a kan zane. Bahaushe ya ce gani ya kori ji, amma a wannan fage ji ne ya kori gani.

Za a ce mana, to ina Ladi Kwali? Lalle ita ce babbar hujjar masu kare tsarin. Wannan maginiyar tukwane Bagwariya ta sami digirin girmamawa na Jami'ar Ahmadu Bello a 1977, lambar cancanta a 1980, OON a 1981, ga hotonta kuma a bayan takardar naira 20. Sai dai mu bi sawun yadda aka gan ta. A gidan Sarkin Abuja Sulaimanu Barau, wanda ya riga ya tara tukwanenta, Baturen nan Michael Cardew ya fara ganin aikinta. Ta shiga makarantar ginin tukwane da ya buɗe a Abuja ta dā, Suleja ta yanzu, a 1954, aka nuna kayanta a Landan, Ingila ta ba ta MBE tun farkon shekarun 1960. Watau fada ce ta fara ganin ta, Turai ta biyo, gwamnatin ƙasarta ta zo daga ƙarshe. Macen da ke gina tulu da randa a ƙauyen da babu Bature, ba ta da wannan hanya.

Yanzu mu leƙa Filifin, ƙasar tsibirai da ke kudu maso gabashin Asiya, mai ƙabilu da harsuna barkatai kamar tamu. A 1972 ta kafa lambar gwanayen fasaha na ƙasa, domin masu zane da marubuta da mawaƙa da masu tsara gini irin na zamani, wanda aka fara ba ita kuwa shi ne mai zanen nan Fernando Amorsolo. Bayan shekara 20 sai suka ga wannan lamba ba ta isa ƙauye. Don haka a 1992 majalisarsu ta yi doka mai lamba 7355, ta kafa lamba ta dabam mai suna Gawad sa Manlilikha ng Bayan, domin gwanayen gargajiya kaɗai. Sharuɗɗanta su ne abin nazari. Dole sana'ar ta zama ta al'ummar da mutum ya fito, mai tarihin da bai gaza shekara 50 ba. Dole ya zama ya koyar da wasu, ko zai koyar. Dokar ta yanka masa kuɗi dunƙule da kuma alawus na wata-wata har ƙarshen rayuwarsa, shi kuma ya ɗauki alkawarin horar da almajirai. An fara bayarwa a 1993. A 1998 aka ba Lang Dulay, masaƙiya 'yar ƙabilar T'boli daga gefen tafkin Sebu, wadda ke saƙa zanen t'nalak da zaren wani irin icen ayaba. Ta ci gaba da koyar da 'yan matan garinsu har ta rasu a 2015. Tushen wannan tunani daga Japan yake, inda tun shekarun 1950 ake naɗa gwanaye a matsayin dukiyar ƙasa mai rai.

Ba mu kawo Filifin don mu ce ba ta da aibi ba. Raba lambar gida biyu yana iya tabbatar da abin da ake gudu, a ɗauka akwai fasahar masu ilmi da ta 'yan ƙauye. Siyasa ma ba ta bar su ba: a 2009 shugabar ƙasar, Gloria Arroyo, ta cusa sunayen da kwamitin zaɓe bai kawo ba a jerin gwanayen ƙasa, sai da kotun ƙoli ta soke su a 2013. Duk da haka sun gane abu ɗaya da ya kuɓuce mana, watau abin da ake so ya rayu shi ne ilmin da ke hannun gwani, kuma ilmin hannu ba ya zama a takarda, sai a hannun wani.

Abin mamaki shi ne wannan ba baƙon tunani ba ne a ƙasar Hausa. Sarkin Maƙera da Sarkin Magina da Sarkin Aski da Sarkin Fawa ba don ado aka naɗa su ba. Rawanin yana tafe da aiki: shi ne mai tara 'yan sana'a in fada tana da buƙata, shi ne mai raba gardama tsakaninsu, shi ake tuhuma in aiki ya lalace, gidansa kuma makaranta ne. Muhammadu Durugu, wanda ya gina Masallacin Juma'a na Zariya zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu a ƙarni na 19, laƙabinsa Babban Gwani, kuma ginin bai tsaya a kansa ba, ya bi zuriyarsa. Ba mu manta ba cewa sarautun nan hanyar karɓar haraji ne, kuɗin karofi shaida ne, kuma gado yakan ɗora rawani a kan wanda bai fi kowa iyawa ba. Amma a wajen haɗa girma da nauyi, dokar Filifin ta 1992 ta fi kusa da fadar Kano da ta Zazzau fiye da dokarmu ta 1964, wadda aka kwaikwayo daga lambobin Ingila.

To, me ke ƙasa a kudancin Kano? Lokacin da Barth ya zo Kano a 1851 ya ƙiyasta tufafin da ake fitarwa a shekara sun kai na wuri miliyan 300, suna isa har Timbuktu da Tarabulus. Kaso mai yawa na wannan kaya a karkara aka kaɗa zarensa, aka saƙa, aka rina, kuma Kura, maƙwabciyar Bebeji, ta yi suna da baƙin rini mai ƙyalli wanda Buzaye ke naɗawa. Bebeji kanta zangon fatake ce, a nan aka haifi Alhasan Ɗantata a 1877. Tarihi ya riƙe sunayen fatake, bai riƙe sunan masaƙi ko ɗaya daga waɗanda suka cika musu mangala ba. A Riruwai ta ƙasar Doguwa mutane sun narka kuza, suna zuba ta sanda-sanda siriri kamar tsinke, tun kafin kamfanonin Turawa su shigo. Wannan ilmi ya riga ya tafi, babu lambar da za ta komo da shi. Madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka gama a 1974, ta kawo noman rani da kuɗin hannu, kuma babu mai zargin saurayin da ya ga shinkafa da tumatir sun fi ƙoshiya da allira riba.

A wani ƙauye na ƙasar Kiru mun zauna da wani dattijo masaƙi da ke saƙar gwado a gindin darbejiya. Mun tambaye shi wa zai gaje shi, sai ya yi dariya ya nuna mana babur ɗin ɗansa. Abin da ya fi damun sa ma ba magaji ba ne. Ya ce tsofaffin matan da ke yi masa kaɗi sun ƙare, yanzu zaren kanti yake saye, kuma shi kansa ya san gwadon ba ɗaya ba ne da na dā.

Maganar dattijon nan ta kai mu ga matsalar da ko tsarin Filifin bai warware ba sarai. Lamba wuya ɗaya take nema, alhali sana'ar Hausa sarƙa ce. Kafin babbar riga ta hau jikin mai ita, mace ta gurje auduga, ta shiɓe, ta kaɗa da mazari. Masaƙi ya saƙa ƙwarya-ƙwarya. Maɗinki ya haɗa. Marini ya tsoma a karofi da baba da toka. Mabugi ya buga har ta yi sheƙi. Mai zane ya fitar da aska biyu ko aska takwas, mai allura ya bi. Wa za a rataya wa lambar? In aka ba mai aikin allura, wanda aikinsa ne ido ke fara gani, an bar mai kaɗi, wadda tana cikin gida, ba ta zuwa kasuwa balle fada, kuma ita ce farkon wadda ta ɓace. Haka dukanci yake: badukun da ke ɗinka jakar fata ko adon sirdi ba shi da aiki in majemi ya daina jiƙa fata da bagaruwa. A 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan sallar Kano cikin jerin al'adun duniya, muka yi murna. Amma hawa ba doki da mahayi kaɗai ba ne. Akwai maƙerin linzami da likkafa, da masassaƙin sirdi, da maɗinkin lifidi da jalala, kuma in waɗannan suka ƙare za a ci gaba da hawa da kayan da aka sayo daga waje.

Saboda haka a ganinmu gyaran da ake bukata ya wuce a ƙara sunan masaƙi ɗaya a jerin da ake karantawa a Abuja. Ana bukatar lamba ta dabam, ko da a matakin jiha ne, ƙarƙashin Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano, wadda za a iya ba mutum ɗaya ko gida ko unguwar sana'a baki ɗaya, kamar marina guda da mabuganta. Alawus ya tafi tare da sharaɗin almajirai, a riƙa zuwa ana ganin su a bakin aiki, har da kaso na almajirin kansa, domin yaron da ba ya samun na sabulu ba zai zauna ba. Neman sunaye kuma ya faro daga ƙasa, daga sarakunan sana'a da dagatai da mata masu sayen kaya, waɗanda suka san tukunyar wa ba ta tsatsa. Mu ma malaman kwalejojin ilmi muna da laifinmu. Kowace shekara ɗalibanmu na sashen Hausa suna rubuta kundaye a kan saƙa da rini da ƙira, suna jera sunayen kayan aiki daga kunkuru har zuwa matsefi, amma sunan gwanin da ya ba su bayanin sai a shafin godiya. Da za a umurci kowane ɗalibi daga Bebeji ko Kiru ko Tudun Wada ko Doguwa ya rubuto wane ne gwani a garinsu, wa ya koya masa, su wa yake koya wa, da cikin shekara biyu ko uku mun sami rajistar da kowane kwamitin zaɓe zai fara aiki da ita.