Daga Ikon Allah Zuwa Injin Fadama: Ina Kimiyya Take a Ƙagaggun Labaranmu?

Duk wanda ya bi hanyar Sakkwato zuwa Jega da rani, ya ratse a Tambuwal ya nufi ƙasar Kebbe, zai ga abin da muke son mu tattauna a kai tun kafin ya buɗe littafi. Zai ji ƙarar injin ban ruwa a fadama, zai ga mai cajin waya a bakin kasuwa, zai kuma tarar da manomi yana lissafin kuɗin fetur kafin na taki, musamman tun da aka janye tallafin mai a 2023. To, tambayarmu ita ce, wannan rayuwa a wane littafi namu ta fito?

Ba za mu ce magabata ba su yi komai ba. A 1949 Abubakar Imam da R. M. East suka fitar da Ikon Allah a Zariya, inda suka yi bayanin halittu iri-iri da Hausa mai daɗi. Hikimar littafin tana cikin sunansa, domin ya nuna wa mai karatu cewa binciken halitta ba ya karo da imani. Sai dai littafin darasi ne, malami ke magana, almajiri na saurare. Bayan shekara 20, wato 1969, shekarar da Amurkawa suka sauka a kan wata, Umaru Dembo ya kawo Tauraruwa Mai Wutsiya, ya ɗauki yaro ya kai shi sararin samaniya. Mun yaba wa Dembo ƙwarai, don ya yi ƙarfin halin da kaɗan suka yi bayansa. Amma a littattafan nan biyu kimiyya baƙuwa ce: a ɗaya ta shigo ta ƙofar makaranta, a ɗayan ta sauko daga sama. Ba a ba ta ɗaki a cikin gida ba.

Littattafan soyayya da suka cika kasuwa daga shekarun 1980 sun shigar da ita gida kam, amma a matsayin ado. Mota tana nan don a san saurayi ɗan wane ne, daga baya waya ta zo ta karɓi aikin ɗan aike. Cire motar ka sa doki, labarin ba zai girgiza ba. Wannan shi ne ma'aunin da muke ba 'yan'uwa shawarar su riƙa gwada rubutunsu da shi.

Ga misalin abin da muke nufi, daga maƙwabtanmu na Zamfara. A 2010 likitocin ƙungiyar MSF suka gano yara suna mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da 'Yargalma, daga baya aka ga abin ya kai Bagega. Dalili shi ne gubar dalma. Zinariya ta yi tsada a duniya, mutane suka shiga haƙa, dutsen kuwa cike yake da dalma. Aka riƙa kawo shi cikin gida ana dakawa, ana niƙawa a injin irin na hatsi, ƙurar tana sauka inda yara ke rarrafe suna kai hannu baki. Yara wajen 400 suka rasu. Ku dubi abin da ke ƙunshe a nan: uban da sana'arsa ta fitar da shi daga talauci ita ce ke kashe ɗansa, uwar da ta yi dakan da hannunta, mai magani da ya ce iska ce, da likitan da ke neman kalmar da zai yi bayani da ita. Ka cire dalmar, babu labari. Haka nan rikicin madatsar ruwan Bakolori na 1980, inda manoma suka rasa gonaki har aka zubar da jini, ya daɗe yana jiran masu alƙalami.

Wasu za su ce ai Hausa ba ta da kalmomin. Ba mu yarda ba. Manomin Kebbe ya san bambancin jigawa da fadama da laka, ya san bazara daga canjin iska, ya san ƙuduji ya fi kama gonar da ta gaji. Bakaniken injin ruwa kuma ya riga ya raɗa wa kowane ƙarfe suna ba tare da ya jira wani kwamiti ba. (Mu ne dai, 'yan boko, muke jin kunyar rubuta fulogi da kafireto.) Abin da ya rage shi ne marubuci ya zauna da su wuni guda, ya tambayi nawa injin ke sha, me ke faruwa da albasa in ya lalace kwana uku, wa ake ci bashi a wurinsa, kuma da wane sharaɗi. Amsar tambayar ƙarshen nan kaɗai ta isa babi guda.