Tsirkiya Ɗaya a Gurbin 'Yan Amshi: Kuntigin Ɗan Maraya Jos

A tashar Kwanar Ɗangora, inda hanyar Jos ta rabu da ta Zariya ta nufi Tudun Wada da dajin Falgore, na fara jin "Waƙar Karen Mota" daga rediyon wani mai shayi. Bayan shekaru na karanta ta a wani kundin digiri, sai na same ta lami. Baitocin suna nan cif, kuntigin ne aka zubar.

Haka muka saba a nazarin waƙar baka: mu tsame kalmomi, mu auna jigo da salo, kiɗa kuwa mu sallame shi da layi ɗaya a gabatarwa. Ga Narambaɗa ko Shata asarar da sauƙi, domin amshinsu kalmomi ne, yana hawa takarda. Adamu Ɗan Maraya, wanda ya rasu a 2015, shi kaɗai yake waƙa. Gwangwani ne aka rufe da fata, aka zura masa sanda, aka ɗaura tsirkiya ɗaya, kuma wannan ɗan abu shi ke ɗaukar aikin 'yan amshi gaba ɗaya. Shi ke riƙe kari. Idan mawaƙin ya saki habaici ya yi shiru, kuntigin ne ke cike gurbin har mai sauraro ya haɗiye maganar. Wanda ya rubuta baitocin a jere ya share wannan jinkiri, alhali a cikinsa dariyar take nuna.

Jamusawan ƙarni na 17 sun san wannan matsayi. Waƙoƙin da Heinrich Albert ya wallafa tsakanin 1638 da 1650, da yawansu na murya ɗaya ne, kuma cikin kayan da ke raka irin wannan murya akwai tiyobo, wani molo mai dogon wuya da tsirkiya kusan 14. Ƙananan sautuka kawai ake rubuta wa makaɗin, sauran ya cike da basirarsa, kuma masanansu ba sa ɗaukar waƙar a matsayin cikakkiya in babu shi.

Sai dai kamancin bai wuce nan ba. Tiyobo yana shimfiɗa wa murya tabarma ne daga ƙasa. Kuntigi ba shi da kaurin da zai yi haka: siririn amonsa kafaɗa da kafaɗa yake tafiya da mawaƙin, yana tsoma baki, yana zuga shi, kamar yadda karen motar da ake wa waƙar yake yi wa direbansa.