Adakar Kaka da Ɗakin Amarya: Kayan Gado a Ƙagaggun Labaranmu

Duk wanda ya saba karanta ƙagaggun labaran marubutanmu, tun daga ƙananan littattafan da suka cika kasuwannin Kano daga wajejen 1990 har zuwa waɗanda ake karantawa yau a wayar hannu, ya san akwai wani wuri da alƙalami yakan tsaya ya sha iska, wato ɗakin amarya. A nan marubuci zai kwashe shafi biyu ko uku yana zayyana mana gado da kujeru da labule da kafet, da ƙasar da aka yi odarsu, da abin da aka biya. Wannan ba laifi ba ne, domin mai karatu yana son ya ga inda mutanen labari suke zaune. Abin da ya dame mu shi ne, duk kayan nan jiya aka sayo su. A ɗaki guda babu ko cokali da ya girmi amaryar. Kai ka ce mutanen nan daga sama suka faɗo, ba su da kaka, ba su da tsohon gida a cikin birni ko a ƙauye, babu wanda ya taɓa mutuwa ya bar musu ko da tandun kwalli.

A ganinmu dalilin wannan a fili yake. Mutum ba ya rubuta abin da bai san sunansa ba. Da yawa daga cikinmu sun tashi sun tarar da adaka a ƙarƙashin gadon tsohuwa, sun ga ana buɗe ta shekara-shekara a shanya abin da ke ciki, amma ba su taɓa tsugunawa sun tambaya ba: wannan mene ne, wa ya kawo shi, daga ina? Marubutan da suka shiga gasar 1933 ta Hukumar Fassara a Zariya ba su da wannan matsalar. Lokacin da Abubakar Tafawa Ɓalewa ya rubuta Shaihu Umar, akwai tsofaffi da rai waɗanda suka ga hari da ayarin Sahara da idonsu. Mu kuwa mun yi nisa da wancan zamani, abin da ya rage mana shi ne kayan da suka bari, da 'yan tsofaffin da suka san labarin kayan. Daɗin abin shi ne, wannan bincike ba wahala ba ne. Wanda ya fara shi da wuya ya bari, don kowane abu ɗaya ka ɗauka sai ya ja ka zuwa wani.

Mu ɗauki kuɗi, alal misali, tun da kusan kowace tsohuwa tana da wasu 'yan ƙarafa da ta ƙulle a tsumma. A cikinsu za a iya samun liyari, wato babbar azurfar nan mai hoton wata mace mai jiki, wadda mata kan huda ko su sa mata kunne su rataya a wuya. Wanda ya duba zai ga an rubuta 1780, sai murna ta kama shi, ya ce kakarsa ta bar masa abin da ya shekara fiye da ɗari biyu. To, a nan ne bincike yake shigowa. Matar ita ce Mariya Teresa ta Ostiriya, kuma a 1780 ta rasu. Saboda 'yan kasuwar Larabawa da na Afirka sun amince da wannan azurfa, sai aka ci gaba da buga ta shekara da shekaru ba a canza shekarar ba. Ke nan liyarin kaka yana iya zama na zamanin Shehu, yana kuma iya zama na zamanin Turawa. Mai tara kaya yakan ɗan ji babu daɗi idan ya gane haka, amma marubuci riba ya ci, domin ga shi an ba shi kuɗin da yake ɓoye shekarunsa, an ba shi kuma hanyar fatauci tun daga Turai zuwa Tarabulus zuwa Kasuwar Kurmi. Barth, Bajamushen da ya zo Kano a 1851, ya tarar ana canza irin wannan azurfa a kan wuri wajen 2,500.

Shi kansa wurin abin dubawa ne. Mutum nawa ne a cikinmu suka lura cewa kalmar kuɗi jam'in wuri ce? A da ana ɗura wuri 20,000 a keso, abin da ya sa mai arziki yake buƙatar jakuna ko bayi kafin ya motsa dukiyarsa. Daga baya anini ya zo, mai huji a tsakiya da tauraro da rubutun Larabci. Anini 10 ke yin kwabo, kwabo 12 ke yin sule, sule 20 ke yin fam, a tsakani kuma ga ɗari da taro da sisi da nai da fataka. Wanda ya yi sa'a zai tsinci kwabon 1936 mai sunan Sarki Edward na Takwas, wanda ya sauka daga gadon Ingila a watan Disamba na shekarar, tun kafin kuɗi mai sunansa ya shiga hannun mutane a ƙasarsa, alhali a nan Afirka ta Yamma har an kashe shi a kasuwa. Da naira ta zo a ranar 1 ga Janairu 1973 aka mayar da fam ɗaya naira 2, shi ya sa sule ya koma kwabo 10, jaka kuma, wadda da fam 100 ce, ta koma naira 200. Mun tsaya a kan wannan ne don mun sha ganin labarin da aka ce ya faru a zamanin Sardauna, sai ga saurayi ya zaro naira ya ba budurwa toshi. Sardauna kuwa a 1966 aka kashe shi. Mai karatun da ya girma ya san haka, kuma daga wannan shafin ya daina yarda da marubucin.

Haka lefe. Yau idan an ce lefe sai a hango akwatuna jere, amma asalinsa kwando ne da ake saƙawa da kaba, irin wanda mata ke zuba abduga a ciki. Marubucin da ya kai mu zamanin Sarkin Kano Alu, sa'annan ya shigo da akwati saiti shida, ya yi wa labarinsa ɓarna da hannunsa. Da ya zauna da wata gyatuma ta nuna masa mazari da taskira da allin kaɗi, ta bambance masa saƙi da tsamiya da barage, ta gaya masa wace kwalla ce ta zo da ita gidan miji, wace ce ta saya da kuɗin ƙuli-ƙuli, da ɗakin amaryarsa ya yi ƙamshin gaskiya. Ko gindin kwano ka kifa akwai karatu, don za ka ga an buga Hon Kon, ko Cekoslobakiya, ƙasar da ta rabu biyu a 1993. Masu son misalin yadda kaya ke riƙe tarihin mace sai su nemi labarin Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta ɗauka daga bakinta tsakanin 1949 da 1950 aka buga shi a 1954. Tsohuwar nan ba ta ba da labarin aure ba tare da ta faɗi abin da aka kai da abin da aka mayar ba, kuma ta nan ne mai karatu yake gane wane ne babba, wane ne ake jin kunyarsa.

Gidajen malamai kuwa nasu gadon ya fi kowanne daɗin bincike. Idan aka kwance gafaka aka zaro warƙa ɗaya aka ɗaga ta a hasken rana, sau da yawa akan ga jinjirin wata uku a cikin jikin takardar. Wannan alama ce ta takardar da ake yi a arewacin Italiya, a kawo ta Tarabulus, raƙuma su ƙetaro da ita. Ba za ta faɗi shekarar da aka yi rubutun daidai ba, don an daɗe ana yin irinta, amma ta faɗi hanyar da ta biyo. Bugu da ƙari, littattafan nan ba a ɗinke suke ba, kuma galibi babu lambar shafi. Magabata kan rubuta kalmar farko ta shafi mai zuwa a ƙasan shafin da ya gabata. Wanda ya taɓa zama yana jera warƙoƙin da suka hargitse ta bin waɗannan kalmomi, har waƙar kakansa ta ajami ta haɗu daga basmala zuwa tammat, ya san wani irin farin ciki da ba a sayensa a kanti.

Ba sai mun je nesa ba kafin mu ga yadda ake sa abu guda ya ɗauki nauyin labari. Marubucin tsohon tarihin sarakunan Kano, wanda Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, ya nuna mana a labarin Dirki. Dirki wani ƙunshi ne da aka naɗe da fatu, sarakuna suka gaje shi, ana yi masa yankan shanu. Sarki Alwali, na ƙarshe kafin jihadi, ya gaji da hidimarsa ya sa aka sare shi da gatari, sai ga Alƙur'ani a ciki. Mutane suka yi masa kashedi cewa yadda ya fitar da abin da ke ciki haka za a fitar da shi daga garin, kuma haka aka yi. Ko mutum ya ɗauki wannan a matsayin tarihi ko ya ɗauke shi hikaya, dabarar ba ta da makusa. A cikin 'yan layuka an nuna mana gadon da masu shi suka manta abin da ya ƙunsa, da addinin da al'ada ta lulluɓe, da sarkin da ya rasa haƙuri a lokacin da ya fi bukatarsa. Marubucin bai tsaya yi mana wa'azi ba. Gatari da fata da takarda suka yi masa aikin.

Wurin da muka fi ganin marubutanmu sun yi asara shi ne ranar rabon gado. Labaranmu cike suke da rabon gado, amma kullum rigimar a kan gidaje da motoci da filaye take. Ba mu cika ganin sa'ar da aka fito da adaka tsakar gida ba, a baje rigar marigayi mai aska takwas da rawaninsa ɗan Kura da takobin da ba wanda ya san wa ya fara ratayawa, a kira mai ƙima ya yi musu kuɗi. Shari'a ta ba kowane magaji haƙƙinsa, abin da ba ya rabuwa kuwa sai a ƙimanta shi, kuma sau da yawa ƙarshensa hannun dillali. Littafi mai warƙoƙi a sake har raba shi akan yi, rabi ya tafi wannan ɗaki rabi ya tafi wancan, gara da ɗigar damina su gama da sauran. Alhali magada suna da ikon su yi sulhu su bar shi wuri ɗaya, ko su mayar da shi waƙafi. Ga 'yar da take son tasar uwarta amma kunya ta hana ta faɗa a gaban 'yan uba. Ga ɗan da ya yi boko yana kallon kayan a matsayin tarkace, ga ƙaninsa da ya san darajarsu amma bashi ya yi masa katutu. Duk wannan yana faruwa a unguwanninmu, amma alƙalumanmu sun tsallake shi sun tafi wajen mota.

Sai dai a yi hattara. Akwai marubucin da, da zarar ya gano ƙamus ɗin Bargery na 1934 ko ya kai ziyara Gidan Makama, sai ya dawo ya juye mana duk sunayen da ya samo a babi ɗaya: akushi, ƙoshiya, masaki, shantali, adudu, munduwa, murjani, a jere kamar mai kiran kaya a gaban alƙali. Wannan ma ɗakin amaryar nan ne aka sake wa kaya. Tsohon abu ba ya da amfani a labari sai wani yana sonsa, ko yana tsoronsa, ko yana ɓoye shi. Akushi ɗaya da maigida ya ƙi cin tuwo a wani kwano in ba shi ba, har amarya ta fasa shi a makonta na farko, ya fi shafi guda na sunaye.

Kada kuma mu manta littattafanmu su ma sun fara zama kayan da. Tsohon bugun Magana Jari Ce, ko Gaskiya Ta Fi Kwabo ta shekarun farko bayan fitowarta a 1939, ko 'yan ƙananan littattafan NORLA, duk abin adanawa ne, kuma wanda ya gwada tsohon bugu da sabo yakan ga yadda ƙa'idar rubutu ta yi ta sauyawa. Amma abin da ya fi ba mu tsoro shi ne namu na baya-bayan nan. Littattafan da suka fito a shekarun Budurwar Zuciya da In Da So Da Ƙauna da Allura Cikin Ruwa an buga su ne a takarda mai araha, aka yi ta ba da hayarsu har suka yage. Waɗanda suka yi suna akan same su. Sauran ɗaruruwan kuwa, akwai marubutan da su kansu ba su da kofe ɗaya na littafinsu na farko. Wani abin takaici kuma, da yawa an buga su babu shekara, wasu ma babu sunan maɗaba'a, ta yadda ɗalibin da ya samu kofe a yau sai ya koma yana kirdado daga farashin da aka rubuta a bango, ko daga tallar wasu littattafan da ke shafin ƙarshe, kafin ya san wanne ya riga wanne fitowa.