Kuntigi da Ƙwarya: Nazari a kan Waƙoƙin Aure na Ɗan Maraya Jos da Barmani Coge

1. Gabatarwa

Tun da aka kafa ma'aikatar yaƙi da jahilci a Nijar cikin 1963, masu shirya littattafan karatun manya suke fama da tambaya guda: wane irin zance za a zuba a takarda har manomi ko matar aure su ji cewa karatun nasu ne? Tambayar ta ƙara nauyi daga 2025, shekarar da aka ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Amsar da aka fi bayarwa ita ce a ɗebo daga waƙa, domin ita ce adabin da jama'a suka haddace tun ba su san baƙi da wasali ba. In kuwa darasin ya shafi aure da zaman iyali, da wuya a tsallake sunaye biyu, wato Ɗan Maraya Jos da Barmani Coge. Dukansu mutanen Nijeriya ne, amma rediyo da kaset sun daɗe da kai muryoyinsu Maraɗi da Damagaram da Tawa.

Abin da wannan nazari yake son nunawa shi ne, waƙoƙin Ɗan Maraya sun fi sauƙin sauka a takarda, na Barmani kuwa sun fi kusa da abin da ke gudana a tsakar gida. Wanda ya ɗauki na farko saboda sauƙinsu ya bar na biyu, ya bayyana aure ne daga zaure, bai shiga cikin gida ba.

2. Ɗan Maraya: mai jawabi daga zaure

An haifi Adamu Ɗan Maraya a Bukuru, kusa da Jos, cikin 1946, ya rasu cikin 2015. Iyayensa sun rasu yana ƙarami, daga nan ya samo laƙabinsa. Abin kiɗansa kuntigi ne mai tsirkiya ɗaya, kuma shi kaɗai yake kiɗa yana waƙa, ba ƴan amshi. Wannan kaɗaici ya yi tasiri a kan ginin waƙoƙinsa. Mawaƙin da ke da ƴan amshi yana samun wurin hutawa, amshin ya riƙe masu sauraro. Wanda ba shi da su, dole zancensa ya riƙe kansa, saboda haka sai ya koma ga labari da jera hujja.

Waƙoƙi uku sun isa misali. A cikin Auren Dole ya soki iyayen da ke zaɓa wa ɗiyarsu miji ba tare da yardarta ba. A cikin Jawabin Aure ya lissafa ɓarnar da saki ke haifarwa, ya yi wa miji da mata gargaɗi su sasanta tsakaninsu. A cikin Gulma Wuya kuwa ya kawo magulmaciya wadda ke haɗa kai da boka tana shuka husuma tsakanin mata da mazajensu, kuma ya tsara waƙar tamkar wasan kwaikwayo, yana canja murya daga wannan mutum zuwa wancan.

Amfanin irin waɗannan waƙoƙi ga mai shirya darasi a fili yake. Suna da farko da ƙarshe, jimlolinsu cikakku ne, ana iya karanta su a fahimta ko da ba a taɓa jin kuntigin ba. Jigonsu ma bai tsufa ba. Binciken lafiya da yawan jama'a da aka yi a Nijar cikin 2012 ya nuna cewa kashi 76 cikin ɗari na mata masu shekara 20 zuwa 24 an yi musu aure kafin su cika shekara 18. Ba kowane auren wuri ne auren dole ba, amma inda yarinya take ƙarama, maganar yardarta tana hannun manya, kuma manyan ne Ɗan Maraya ya fuskanta.

Sai dai akwai iyakar da bai ƙetare ba. A cikin Gulma Wuya, cutar da ke kashe aure daga waje take shigowa, ta bakin magulmaciya da hannun boka. A cikin Jawabin Aure maganin shi ne haƙuri da sulhu. Duka biyun gaskiya ne, amma gaskiyar dattijo ce wanda aka kawo wa ƙara yana zaune a ƙofar gida. Ko muryar mace da ake ji a cikin waƙar, namiji ne ya are ta, shi ya zaɓi abin da za ta ce, shi kuma ya yanke hukunci a ƙarshe.

3. Barmani: murya daga tsakar gida

Hajiya Sa'adatu, wadda aka fi sani da Barmani Coge, mutuniyar ƙasar Funtuwa ce, ta rasu cikin 2013. Kiɗanta amada ne, wato kiɗan ƙwarya da mata ke yi, ita tana ja ƴan amshi suna karɓa. Filin wannan kiɗa shi ne biki da suna, inda mata ke taruwa ba idon maza. Danginsa na kusa su ne waƙoƙin daka da niƙa da reno, waɗanda a cikinsu ne matar aure ta saba sakin habaici ga kishiya ko uwar miji, ta faɗi abin da kunya ba za ta bari ta faɗa da fatar baki ba.

Jigoginta su ne kishi da haihuwa da jikin mace da sana'a. Ta yi waƙa a kan kishiya, ta yi a kan gwarne, wato ɗaukar ciki tun ba a yaye na goye ba, abin da al'ada ke yi wa mace gori a kansa, ita kuwa ta mai da shi abin da za a ambata a bainar mata ba tare da sunkuyar da kai ba. Wanda ya fi duka yawa shi ne kiran da take yi wa mata su kama sana'a, tana yi wa marar sana'a ba'a.

Wanda bai san tattalin tsakar gida ba zai ɗauki wannan kira a matsayin wa'azi kurum. Matar da ke dama fura ko suyar ƙuliƙuli a cikin gida, yara suna kai mata talla, da ribar take zubin adashi, da ita take mai da bikin da ƙawarta ta yi mata, da ita kuma take tara kayan ɗakin ɗiyarta tun yarinyar ba ta yi wayo ba. Barbara Cooper, a cikin littafinta kan aure a Maraɗi wanda ya fito cikin 1997, ta nuna yadda kayan da ake musaya lokacin aure suke zama ma'aunin darajar mace a idon ƴan uwanta mata. To, wannan lissafi ne Barmani ke rerawa. A wurinta aure zama ne da ake ci da jari da ƙawaye, kuma macen da ba ta da abin hannunta ba ta da bakin magana.

Ita ma tana da nata rauni. Habaicinta ga kishiya yana hura wutar da ke tsakanin mata, alhali mijin da ya haɗa su yakan tsira da ɗan abin da bai kai ya kawo ba. Ba'ar da take yi wa marar sana'a ba ta bambanta malalaciya da wadda ba ta da jari ko wadda miji ya hana. Ga kuma kalmomin batsa da jerin sunayen waɗanda suka yi mata alheri, abubuwan da ke sa mai shirya littafi ya ja da baya.

4. Matsalar saukar da waƙa a takarda

A nan ne rashin adalcin yake aukuwa. In an rubuta waƙar Ɗan Maraya, abu kaɗan ke salwanta. In an rubuta ta Barmani aka zubar da amshi don gudun maimaici, aka share batsa, aka cire sunayen mutane, abin da ya rage ƴan layuka ne marasa jini, sai mai karatu ya zaci ba ta da fasaha. Alhali fasaharta tana cikin musayar da ke tsakaninta da ƴan amshi, da faɗuwar kalma daidai kan bugun ƙwarya, da guɗar da ke tashi sa'ad da habaici ya sami mai shi.

Ƙa'idar rubutu ma tana da hannu. Karin waƙar Hausa ya dogara ne a kan nauyin gaɓa, rubutun yau da kullum kuwa ba ya nuna tsawon wasali ko karin sauti. Taron Bamako na 1966 ya ba da shawarar a riƙa ninka dogon wasali, aka bi wannan a Nijar na wani lokaci, kafin taron Yamai na 1980 ya kusanto da rubutun ƙasashen biyu. Abin da aka samu na haɗin kai yana da yawa, amma mai nazarin waƙa yana bukatar kwafi na biyu wanda ya nuna tsawon wasali, a ajiye shi tare da muryar da aka ɗauka.

5. Kammalawa

Shawarar da ta fito daga wannan kwatanci ita ce, darasin aure ya ɗauki muryoyin biyu a jere, a bar ƴan aji su auna su da kansu. A rubuta amshi duk inda ya faɗo, a kuma bayyana wurin da aka yi waƙar da waɗanda ke zaune. Abin da bai dace da aji ba a bar shi a kundin bincike cikakke, kada a goge shi.

Bayan haka akwai aikin da ya fi gaggawa. Abin da ya sa Barmani ta wanzu shi ne kaset ya kama muryarta. Zabiyoyin Gobir da Adar da Damagaram, da matan da ke waƙa a bakin turmi, yawancinsu ba wanda ya ɗauki tasu, ga shi injin niƙa yana rage daka da niƙa, waƙoƙinsu kuma suna tafiya tare da su. Ya kamata a horar da mata masu bincike, domin su ne ke iya shiga inda ake waɗannan waƙoƙi, su ɗauka da yardar masu su. Sa'an nan a rubuta yadda aka furta: wadda ta ce hwari kada a mai da ita fari, domin gyaran karin harshe yana karya karin waƙa, yana kuma nuna wa mai koyo cewa Hausar uwarta ba ta isa shiga littafi ba.